Kuɗin Wankin Haƙora: Tsada Ce Ko Araha?

Jawabin da aka gabatar a taron wata-wata na ƙungiya a Sabo, Badun



Mai girma Sarkin Hausawa, Allah Ya ja zamaninka. Shugaban ƙungiya da muƙarrabansa, malamanmu, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwana 'yan goro, 'yan canji, mahauta, direbobi da samari, ina yi muku barka da zuwa, da fatan kowa ya baro gida lafiya.

Kwanakin baya shugaba ya aiko aka kira ni, ya ce tun da ni ɗan unguwa ne, kuma aikina ke nan, in zo in yi wa jama'a bayani a kan wata magana da ta yi yawa a bakin mutane. Maganar kuwa ita ce ta kuɗin da ake karɓa a asibiti idan mutum ya je a duba masa baki a wanke masa haƙora. Wasu sun ce tsada ta yi yawa. Wasu sun ce almubazzaranci ne, mutum da aswakinsa me zai kai shi biyan wani ya kankare masa haƙori? Wasu kuma suka ce ai wankin nan shi ke kashe haƙori. To yau in Allah Ya yarda za mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Sai dai tun kafin wani ya faɗa bari in riga shi: na san za a ce mai kaya ne ke tallar kayansa. Na ji, na yarda. Amma ku saurari lissafin tukuna, ku 'yan kasuwa ne, in bai fita ba ku watsar.

Da farko dai, wane ne mai wankin haƙora? Mutane da yawa in sun shiga sashen haƙori duk wanda suka gani da farar riga likita ne a wurinsu. A'a, aikin kashi-kashi ne. Akwai likitan haƙori, shi ke gano cuta, ya yi fiɗa, ya yi manyan ayyuka. Akwai mai ƙera haƙoran roba. Sannan akwai irinmu, ma'aikatan tsabtace haƙora, waɗanda a asibiti za ku ji ana kiranmu tarafis. Aikinmu shi ne duba dasashi, kankare dattin da ya daskare a gindin haƙora, goge su, da koya wa mutum yadda zai kula da bakinsa. Wannan wankin shi ne za ku ji ma'aikata na ce masa sikelin. Ba sana'ar da mutum ke tashi da rana tsaka ya fara ba ce. Karatunta ake yi, kuma makarantar gwamnatin tarayya da ta yi suna wajen koyar da ita tana Inugu. Tun shekarar 1993 aka kafa hukumar da ke yi wa masu wannan aiki rajista a Nijeriya. Saboda haka haƙƙinka ne ka tambayi wanda zai sa ƙarfe a bakinka ko yana da rajista.

To me ake wankewa? Kowannenmu in ya tashi da safe ya kai farce ya karta haƙorinsa zai ga wata farar dauɗa mai laushi. Wannan dauɗa cike take da ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani. Muddin tana da laushi, aswaki ko buroshi na fitar da ita. Amma in aka bar ta a lungun da aswaki bai kai ba, cikin 'yan kwanaki sai ta haɗu da sinadarin da ke cikin miyau ta fara taurarewa, har ta zama kamar dutse. Da zarar ta kai haka, wallahi ko aswaki goma ka tauna ba za ta fita ba, sai da ƙarfen asibiti. Ita ce za ka gani ta yi rawaya ko baƙi a bayan haƙoran gaba na ƙasa. Goro da taba da shayi su ke ƙara mata launi. Mu kuwa nan Sabo, tun da aka kafa unguwar nan a 1916 da goro da shanu aka san mu, don haka ba sai na tsaya yi muku bayanin jan baki ba.

Launin ba shi ne babbar illa ba. Illar ita ce wannan dutse yana zaune a kan dasashi dare da rana, ƙwayoyin cuta na maƙale da shi. Sai dasashi ya kumbura, ya riƙa jini in ana aswaki, baki ya riƙa wari. In aka ƙyale, cutar sai ta gangara ta fara cin ƙashin da ke riƙe da haƙori. A hankali take yi, shekara da shekaru, kuma galibi ba zafi. Wata rana sai mutum ya ji haƙori na girgiɗi, alhali bai taɓa yi masa ciwo ba. Mu kan ce tsufa ne. Ba tsufa ba ne, jama'a. Haƙori 32 Allah Ya ba baligi, kuma akwai tsofaffin da suka haura saba'in da mafi yawan nasu a baki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A nan ne zan amsa wa masu cewa wanki na kashe haƙori, ko yana buɗe tsakaninsu. Na san inda maganar ta samo asali. Mutum ya shekara ashirin dutsen nan na taruwa, ya cike duk wata kafa, ya liƙe haƙoran kamar siminti, a ƙarƙashi kuwa ƙashi ya riga ya zaizaye. Ran da aka kankare sai ya ji iska na shiga, harshe na taɓa rami, ya ce ma'aikaci ya ɓata masa baki. Ramin da ma yana nan, datti ne ya rufe shi. Gaskiya ne bayan wanki haƙori kan yi tsami in ya ji ruwan sanyi na 'yan kwanaki, dasashi kuma kan ɗan yi jini. Wannan yana wucewa.

Yanzu mu zo kan kuɗi, wanda shi ne ya tara mu. Idan aka ce maka wanki kaza ne, kada ka ɗauka shi ke nan abin da zai fita daga aljihunka. Na farko akwai kuɗin kati, in zuwanka na farko ne. Na biyu akwai kuɗin ganin likita ko dubawa. Na uku shi ne wankin kansa. Na huɗu, wani lokaci akan buƙaci hoton haƙori. Na biyar, akan rubuta maganin kurkure baki ko na rage zafi. Sannan ga kuɗin mota, ga kuma wanda ba a rubutawa a rasit amma ya fi damun ɗan kasuwa, wato wunin da zai yi bai buɗe rumfa ba. Har ila yau wankin kansa iri biyu ne. Akwai na sama, wanda ake gamawa a zama ɗaya, tsakanin rabin awa zuwa awa guda. Akwai kuma mai zurfi, na ƙarƙashin dasashi, ga wanda cuta ta riga ta ci, wanda akan yi da allurar kashe zafi, a yi ta dawowa sau biyu ko fiye. Kuɗinsa ya fi yawa. Kun ga ke nan jinkiri da kansa yana ƙara farashi.

Me ya sa kuɗin ya hau haka a 'yan shekarun nan? Ba sai na koya wa 'yan canji karatunsu ba. A watan Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemo wa kanta daraja a kasuwa. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 sai ga ta ta haura 1,500 a farkon 2024. Kayan aikin haƙori kuwa, tun daga injin wanki da kan da ake ɗaura masa, zuwa allurar kashe zafi da garin cike rami, mafi yawansu daga waje ake shigo da su. Kujerar da kuke kwanciya a kai da wuta take aiki. Tukunyar da ake dafa ƙarafa don kashe ƙwayoyin cuta bayan kowane mutum, ita ma wuta take ci, in ba wuta sai janareto. Duk wannan yana cikin kuɗin da kuke biya. Ban ce babu masu zuƙa ba, akwai su a kowace sana'a. Shi ya sa nake cewa a tambayi farashi tun kafin a hau kujera, a ce a lissafa maka komai da komai, kuma a karɓi rasit.

To bari mu yi lissafi irin na kasuwa. Mu ƙaddara, misali kawai, duk abin da za ka kashe, da kati da dubawa da wanki, naira 20,000 ne. Na san ba ƙaramin kuɗi ba ne. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, kun ga ya kusa kashi ɗaya cikin uku ke nan, kuma da yawanmu ma ba albashi muke ɗauka ba. Amma raba 20,000 ɗin nan a kan kwana 365, za ka ga bai kai naira 55 a rana ba. Yanzu ɗauki wanda ke cin goron naira 200 kullum. A wata 6,000 ke nan, a shekara 73,000. Ban ce a daina cin goro ba, kada 'yan goro su hana ni fita daga zauren nan. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya iya ciyar da bakinsa goron 73,000 a shekara, bai kamata kuɗin wanke bakin ya gagare shi ba. Matsalar ita ce goro kaɗan-kaɗan ake saye, asibiti kuwa dunƙule take nema. Maganin wannan tanadi ne, kuma zan dawo kansa.

Akwai wani tarko da nake so ku lura da shi. Mutum zai ce, ai cire haƙori bai fi wanki tsada ba, wani wurin ma ya fi araha, to bari in jira in ya yi ciwo a cire kawai. Haka ne, cirewa mai sauƙi ba ta da tsada sosai. Amma haƙorin da aka cire ba ya tsirowa. Na kusa da shi sai su fara karkata, na sama ya zazzago, tauna ta gagara. In ka ce za ka sa na roba, wani kuɗin ne. In kuwa rami ya kai ga jijiya kana son a ceci haƙorin, sai an wanke cikin saiwarsa an sa masa hula, wannan kuwa ninkin-ba-ninkin kuɗin wanki ne. Mu kan yi alfahari da haƙorin Makka guda ɗaya mai walƙiya, alhali talatin da ɗaya da aka ba mu kyauta suna ruɓewa a bayansa.

Bari in ba ku labarin wani bawan Allah, ba zan faɗi sunansa ba. Ɗan goro ne, magidanci mai 'ya'ya bakwai. Ya zo wurina dasashinsa na jini. Na duba na ce yana buƙatar wanki, na kuma nuna masa wani ɗan rami a turminsa na ƙasa, na ce likita ya cike shi tun yana ƙarami. Da ya ji kuɗin sai ya yi dariya ya ce, Malam, da in ba da wannan a kankare mini haƙori gara in auno wa yara shinkafa. Ban ga laifinsa ba, don ni ma uba ne. Bayan kamar shekara biyu, ana saura kwana kaɗan Babbar Salla, aka zo aka buga mini ƙofa da dare. Haƙorin nan ne ya tashi. Ya sa kanumfari, ya ɗan lafa ya dawo. Ya sayi ƙwayoyi a kemis ya sha. Daga ƙarshe wani ya ba shi shawara ya ɗiga ruwan batir, ya ƙone masa dasashi. Da na gan shi, kumburi ya sauko ƙarƙashin haɓa har wuya, baki ba ya buɗuwa, miyau ma ba ya haɗiyuwa, numfashi na yi masa wuya. A daren muka kai shi asibiti. Sai da aka tsaga aka fitar da mugunya, ya yi kwana tara a kwance. Allah Ya yi da sauran kwana. Amma huhunan goron da ya tanada don kasuwar Salla, ƙaninsa ne ya karyar da su aka biya asibiti, abin da aka kashe kuwa ya ninka kuɗin da ya guje wa fiye da sau goma. Yau yana nan lafiya, kuma shi da kansa ya ce in ba da labarin.

Saboda haka ku riƙe wannan ko da kun manta da sauran: duk wanda ciwon haƙori ya kumbura masa fuska, kumburin na gangarawa wuya ko yana hawa wajen ido, ga zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya ko numfashi na wuya, to ba maganar gobe ba ce. A kai shi asibiti a ranar. Wannan yana kisa.

Haka kuma ina jan kunnenmu game da masu yawo a kasuwa da tasha suna cewa suna fitar da tsutsar haƙori, ko suna cirewa da araha. Babu wata tsutsa a cikin haƙori. Ƙwayoyin cuta ne ke cin sukarin da ya saura a baki, su fitar da wani ruwa mai tsami da ke narkar da haƙori har ya yi rami. Ƙarfen da ya fito daga bakin wani ya shiga naka ba a dafa shi ba kuwa, yana iya ɗauko maka ciwon hanta ko ƙanjamau. Araha ba ta ado.

Akwai mutum uku da nake roƙo kada su yi wasa da wannan dubawa. Na ɗaya mai ciwon suga, domin suga na tsananta ciwon dasashi, ciwon dasashi kuma na hana suga daidaita. Ta biyu mace mai juna biyu. Iyayena mata, dasashin mai ciki yakan kumbura ya yi jini, kuma wanki ba ya cutar da ciki, illa dai ta gaya wa ma'aikaci halin da take ciki. Na uku yara. Wajen shekara shida turmin farko na dindindin ke fitowa can baya, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba, sai iyaye su ɗauka na nono ne, su bar alewa da lemo su cinye shi. Wannan haƙori da shi yaro zai tsufa.

To ina za a je, kuma yaya za a rage kuɗin? Mu nan Allah Ya kusanto mana da abin. Asibitin koyarwa na UCH ba shi da nisa da Mokola, kuma yana da sashen haƙori. Gwamnatin jiha ma tana da nata asibitin haƙori a Dugbe. 'Yan'uwanmu na Ikko suna da asibitin koyarwa a Idi-Araba, a tsakiyar jama'armu. Galibi na gwamnati ya fi na kuɗi sauƙi, sai dai layi da jira, don haka a yi sammako. Na kuɗi kuwa ya fi sauri, ya fi tsada. Kowa ya duba aljihunsa da lokacinsa. Ban da wannan, ranar 20 ga Maris ta kowace shekara ita ce ranar lafiyar baki ta duniya, kuma a lokacin ma'aikatan haƙori kan fita duba jama'a kyauta a wasu wurare. Sannan akwai inshorar lafiya. A 2022 aka sa hannu a kan sabuwar dokar inshorar lafiya ta ƙasa, Jihar Oyo ma tana da tata hukumar. Wanda zai shiga ya tambaya dalla-dalla wane aikin haƙori ne ke ciki, domin manyan ayyuka irin su haƙoran roba galibi ba sa ciki.

Sau nawa za a je? An saba cewa bayan kowane wata shida. Gaskiyar magana ya danganta da bakin mutum. Mai suga, mai shan taba, da wanda dasashinsa ya riga ya kamu, suna buƙatar zuwa akai-akai. Wanda bakinsa ke da tsabta, sau ɗaya a shekara na iya isarsa. Wanda ya duba ka shi zai yanke maka. Kuma abin da ke rage yawan zuwan yana hannunka. Aswaki abu ne mai kyau, sunna ce, kada a bari, amma a kai shi har haƙoran baya da ta ciki, ba na gaba kawai ba. A haɗa da buroshi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid, safe da kuma kafin a kwanta, kamar minti biyu, a tofar kada a kurkure nan take. A daina dirzar haƙori da gawayi ko toka ko yashi, suna kankare fatar haƙorin. A rage sukari a shayi, wannan kuma saƙo ne ga masu shayinmu.

Daga ƙarshe, ranka ya daɗe, ina da shawarwari huɗu da nake so ƙungiya ta duba.

Na ɗaya, a buɗe asusun haƙori, kamar yadda muke adashi. In gida 100 suka riƙa zuba naira 500 a wata, 50,000 ke nan, a shekara 600,000. A kan misalin da na bayar ɗazu, mutum 30 za su sami dubawa da wanki. A fara da masu suga, da mata masu ciki, da marayu.

Na biyu, a naɗa mutum uku su zaga asibitocin da ke kusa, su karɓo farashi a rubuce, a liƙa a ofishin ƙungiya, a riƙa sabuntawa bayan wata uku-uku tun da farashi ba ya zama wuri ɗaya. In mun tafi a ƙungiyance, muna iya neman rangwame, ko a ware mana rana.

Na uku, a sami samari da 'yan mata masu jin Yarbanci da Turanci su riƙa raka dattawa da iyayenmu mata. Na sha ganin wanda ya biya kuɗin abin da bai fahimta ba, ko ya koma gida don ya kasa bayanin ciwonsa. Matar da ta fi son mace ta duba ta kuma, ta faɗa, akwai mata da yawa a aikin.

Na huɗu, mu tura 'ya'yanmu, musamman mata, su karanci wannan aiki. Ba daidai ba ne unguwa mai shekara fiye da ɗari a ce masu wannan sana'a a cikinmu ba su wuce a ƙirga da yatsu ba.

Ni kuma nawa alkawarin, duk ranar da shugaba ya sa, zan zo nan zauren da fitila da safar hannu in duba bakin duk wanda ya zo, ba ko kwabo. Wanki dai sai a asibiti, amma aƙalla kowa zai san halin da bakinsa ke ciki, ya san abin da zai tanada.

Abin da na faɗa daidai Allah Ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure a yafe mini. Allah Ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya yi wa kasuwa albarka. Mai tambaya yana iya ɗaga hannu.